Yatsar Risha

Ƙusa ta riga ta yi ja a cikin garwashi lokacin da na shiga gidan. Maƙwabcina Lazhar yana zaune dirshan a tsakar gida, ƙafar karyarsa Risha a kan cinyarsa, 'yarsa Rabha kuma ta tsaya tsakaninsa da kaskon wuta ta ware hannuwa kamar mai tare awaki.

"Baffa Tuhami, don Allah ka yi masa magana," in ji Rabha. "Wai lalas zai yi mata."

"Da wuta ubana ya yi wa nasa magani, da wuta kakana ya yi," Lazhar ya ce. Tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa sannan ya dube ni. "Kai kuma wa ya kira ka? Kallo ka zo?"

"Kukanta na ji ta katanga. Na ɗauka yanka ta kake yi."

Na durƙusa na duba. Ƙafar gaba ta dama ce, yatsa ɗaya daga cikin na tsakiya ta kumbura ta karkace. Risha ba ta ko dube ni ba, idonta na kan tsohon. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi ba ta fita farauta ba, shi ne ranar ya lallaɓa da sanda zuwa bakin rairayi ya sake ta don ta miƙe ƙafa. Tana tsakar gudu ƙafar ta faɗa ramin ɓera. Da ƙafa uku ta dawo, shi kuma da ƙyar ya kawo kansa gida.

Na ce karya ne don ku gane, amma a nan garinmu Duz, a bakin hamada, ba mai kiran sulugi, wato irin namu na farauta, da sunan kare. Kare yana waje yana haushi, sulugi kuwa a kan shimfiɗa yake kwana, a kwano ɗaya ake raba masa madara da yara. Ba a sayar da shi, kuma namiji mai mutunci ba ya buɗe baki ya roƙa. Sai dai mai shi ya ga dama ya ɗauki igiya ya sa maka a hannu.

Ni kuwa tun muna samari nake jiran Lazhar ya sa mini igiya a hannu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na ga kakar Risha, na ga uwarta, na ga 'ya'yansu suna fita daga gidan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ba wani malamin makaranta da bai san sawun zomo ba. Ya ba wani baƙo daga Aljeriya da ya sha shayi sau ɗaya a gidansa. Ni da muke sallah sahu ɗaya, ko bindi bai taɓa ba ni ba. Ina da nawa, na sa masa suna Saham, wato kibiya, amma matata Haniya ta ce kibiyar da ba ta taɓa barin kwari ba. Duk fitar da muka yi, Lazhar ke dawowa da zomo a rataye, ni in dawo da labari. Kishin ya daɗe a jikina har ya zama kamar ciwon gwiwata, ina tashi da shi ina kwana da shi.

"Hannunka rawa yake," na ce masa. "Za ka ƙone ta a banza. Bari mu kai ta wajen likitan dabbobi a Gibili."

Ya ɗaga hannun ya duba. Rawa yake kuwa. Ya juya kai, Rabha ta yi maza ta watsa wa garwashin ruwa.

Ni da Rabha muka kai ta a a-kori-kurata. Likitan ya ɗauki hoton ƙafar, ya nuna mana inda ƙashin ya karye. Ya cusa auduga tsakanin yatsun, ya kafa ɗan kara, ya naɗe tun daga farce har kusa da gwiwa. Ya ce wata ɗaya da rabi ba gudu, ba tsalle, kada ruwa ya taɓa ɗorin, kada ta tauna shi. Ya ce a riƙa taɓa bakin yatsun, in sun yi sanyi ko sun kumbura ko an ji wari, a dawo da ita nan take.

"In ta yi gudu fa?" na tambaya.

"Ƙashin zai haɗe a karkace. Za ta rayu, amma ta yi sallama da zomo."

Ya ba mu wani abin roba kamar mazurari wai a sa mata a wuya. Muna isa gida Lazhar ya gan shi ya ce a ba Haniya ta riƙa ɗura mai da shi.

Ba a kwana biyu ba aka gane zamanta a gidan ba zai yiwu ba. Gadon Lazhar na ƙarfe ne mai tsayi. Ya yi tari ta haye, ya juya ta diro, ya tashi alwala ta bi shi. Rabha ga jinyar uba, ga ta karya, ga 'ya'yanta da ta baro a gidan miji.

"A kawo ta wajena mana," na ce. Da sauri maganar ta fito, har ni ma sai da na ji kunya.

Lazhar ya kafe ni da ido daga kan matashi. "Ji shi. Kamar wanda aka ce ga amarya." Ya ja numfashi. "Aro ne fa, Tuhami. Aro."

"Wa ya ce maka ina so? Cin abinci kawai za ta ƙara mini."

Na share ɗakin da muke ajiyar dabino, na fitar da duk abin da za ta iya hawa, na shimfiɗa mata alkyabbata ta zuwa Idi. Haniya ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Baban Salim, shekara nawa muna tare? Ran da na karye a hannu, cewa ka yi in yi tuƙin da hagu."

"Ke ai ba kya kama zomo."

"Kai ma haka," ta ce, ta wuce abinta.

Na yi wa Risha hidimar da ban taɓa yi wa mahaluki ba. Madarar akuya da ɗuminta, dabino in cire ƙwallo in murje shi da man zaitun, ƙwai, wani lokaci har naman da ke kan kuskus ɗina. In za ta zagaya, in sa wa ƙafar leda in ɗaure, in riƙe ta da gajeriyar igiya mu taka a hankali kamar masu rakiyar tsohuwa. Safe da yamma in durƙusa in taɓa yatsun, in kai hanci in shinshina ɗorin. Duk wannan ba ta taɓa kaɗa mini bindi ba. In na miƙa mata abinci sai ta kau da kai, sai na fita na ja ƙofa sannan in ji tana lasar kwano. Saham kuwa ya kwanta a bakin ɗakin yana hararata, ni da shi duk kanwar ja ce.

Abin da ya fi ba ni wuya fito ne. Lazhar yana da wani fito nasa, gajeru biyu sai dogo ɗaya mai gangarowa, da shi ya kira kakarta, da shi ya kira uwarta. Yana kwance ma bai daina ba. Da hantsi da kuma gab da magariba sai ka ji shi ta taga, siriri, yana tsallako katanga. Da ta ji, sai Risha ta zama wata halitta. Ta yi tsalle ta daki ƙofa, ta kama tona ƙasa da ƙafar da aka ɗaure, tana wani irin kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba. Na riƙe ta, na rarrashe ta, na kira sunanta har muryata ta dushe, kamar da bango nake magana.

Karo na farko ɗorin ya zame, na gyara. Karo na biyu na tarar da jini a bandejin, yatsun sun yi suntum. Likitan ya sake ɗauri yana girgiza kai.

"Saura kaɗan aikin ya lalace. In ta sake, babu abin da zan iya yi."

Daga Gibili gidan Lazhar na zarce. Ya rame, kafaɗunsa sun fito ta cikin riga, ɗakin sai warin man zafi da na'ana'a. Na zauna a bakin gado na faɗa masa abin da likita ya ce.

"To me kake so in yi?"

"Ka daina fito."

Rabha da ke zuba shayi ta tsaya da buta a hannu.

"Sun hana ni taba," ya ce a hankali. "Sun hana ni gishiri. Ƙafa ta hana ni masallaci. Fiton nan kaɗai ya rage mini, in na yi ta amsa, in san tana nan."

"Amsawar ce ke karya ta."

Gaskiya na faɗa masa, ko likita zai shaida. Amma ba zan ɓoye muku ba, can ƙasan zuciyata daɗi nake ji. Na ce watakila in ta daina jin sa, ta waiwayo ta ga wanda ke murje mata dabino.

"Baffa, ko a riƙa kawo ta ya gan ta?" in ji Rabha.

Kafin in nemo dalilin ƙi, Lazhar ya riga ni. "A'a. In ta gan ni za ta tashi. A bar ta ta warke." Ya kwance rawanin da ke kansa, tsohon ƙyalle da ya sha rana har ba a san launinsa ba, ya miƙo mini. "Kai mata wannan. Kai kuma tashi ka ba ni wuri, ka ishe ni."

Na kai mata. Ta shinshina shi tun daga baki har baki, ta ja shi da haƙori zuwa gindin bango, ta kwanta a kai. Alkyabbata ta Idi tana can gefe a yashe, ko kallonta ba ta ƙara yi ba. Sai a lokacin na lura bangon da ta zaɓa shi ne bangon ɗakin Lazhar. Nan take wuni, hancinta a jikin ƙasa, in ya yi tari kunnuwanta su motsa.

Fito bai ƙara tsallako katanga ba. Unguwar ta yi wani irin shiru da hantsi, har Haniya ta ce abin yana damunta. Ƙafa kuwa ta kama warkewa. Kumburi ya saɓe, yatsun suka yi ɗumi, ta fara dafa ƙasa da ita in mun fita zagaye.

Wata rana na miƙa mata dabino kamar kullum, sai na ji harshenta a tafin hannuna. Wallahi ban san sanda na fita ba takalmi ba. Na faɗa ɗakin Lazhar ina haki.

"Ta ci daga hannuna!"

Ya buɗe ido ɗaya. "Yunwa ce."

"Baƙin ciki kake yi."

"Ka taɓa yatsun yau? Ka shinshina?"

"Na taɓa, na shinshina."

"Kana sa ledar? Kada ka bar ledar a kai bayan kun dawo, gumi zai jiƙa shi. Na san ka da mantuwa."

Haka ziyarata take kullum. In shigo, ya tambayi Risha, ta ci, ta sha, ta yi barci, wace ƙafa take kwanciya a kai. Ni da muka yi kiwo tare, muka sha duka wajen malami ɗaya, bai taɓa cewa Tuhami ya gwiwarka ba. Ina fita in ji haushin karyar, in shiga ɗakinta in gan ta manne da bango in ji haushinsa. Na rasa wanda na fi kishi a cikinsu. Na faɗa wa Haniya, ta ce in je in yi alwala.

Saura 'yan kwanaki a kwance ɗorin, bayan la'asar, Rabha ta shigo gidanmu ba sallama. Idanunta sun yi ja.

"Baffa, Baba ya ce a kawo ta."

"Ai shi ya ce kada a kawo."

"Yanzu ya ce a kawo."

Na gane. Ban bar ta ta taka ba, na sunkuce ta a ƙirji kamar yadda iyayenmu ke ɗora sulugi a kan raƙumi don kada ƙafa ta gaji kafin a ga barewa. Tun daga zaure jikinta ya kama ɓari. Muna shiga ɗakin ta fara fizga, na ƙanƙame ta, ina jin zuciyarta na dukan hannuna. Na san in ta kuɓuce ta dira a kan ƙafar nan, duk wahalar da muka sha ta tashi a banza.

"Risha," Lazhar ya ce. Muryar ba ta fi raɗa ba. "Kwanta."

Shi ke nan. Jikinta ya saki. Na ɗora ta a gefensa ta miƙe, ta sa haɓa a kan ƙirjinsa, ko bindi ba ta motsa ba. Abin da na yi wata guda ina roƙo da ƙwai da man zaitun, kalma ɗaya ya faɗa.

Ya lalubo ƙafar ya shafa ɗorin, ya matsa bakin yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Da ɗumi," ya ce. "Ka iya ashe."

Shi ne yabo na farko da na taɓa samu daga bakinsa, shi ma a kan ƙafar karya.

Ya ce Rabha ta kwaɓo lalle. Mu nan in lokacin farauta ya gabato ana sa wa sulugi lalle a tafin ƙafa, yana ƙarfafa fata kada rairayi da ƙaya su yanke ta. Rabha ta kawo a ɗan kwano. Ya lakato da yatsa yana shafawa, hannun na rawa, rabin lallen a kan zanen gado yake zuba. Na miƙa hannu in taya shi ya buge ni. Ya yi ƙafa ɗaya ya huta, ya yi ta biyu ya huta, ta ukun sai da Rabha ta tallafe masa gwiwar hannu.

"Ta huɗun kai za ka sa," ya ce da ni. "Ran da aka kwance."

Sannan ya laluba ƙarƙashin matashi ya jawo igiyarta, ta gashin akuya baƙi da fari, wadda marigayiya matarsa ta saƙa. Ya kamo hannuna ya buɗe shi, ya sa igiyar a ciki, ya naɗe yatsuna a kai.

Na daɗe ina shirya abin da zan ce in wannan rana ta zo. Ba ko ɗaya da ya fito.

"Sai yanzu?" na ce. "Ka ba malamin makaranta. Ka ba baƙon da ko sunansa ba ka riƙe ba."

"Su ai ba sa fita farauta da ni." Ya yi murmushi, haƙoransa biyu da suka rage suka bayyana. "Da na ba ka tun tuni, wa zan riƙa kayarwa?"

"Tsohon banza."

"Mai karen barci."

Ya juya wajen Risha ya tsuke leɓe zai yi fito. Iska ce kawai ta fita. Ya sake, iska. Ita dai ta ɗaga kunne, ta lashi gemunsa.

Bai kai Juma'a ba. Da hantsi ya cika, Rabha na riƙe da hannunsa. Da za mu kai shi na ce Haniya ta zauna da Risha ta riƙe ta da kyau, don na ɗauka za ta fasa ƙofa. Da na dawo Haniya ta ce ko motsi ba ta yi ba. Ta dai tashi daga gindin bangon, ta ja rawanin zuwa tsakiyar ɗaki, ta kwanta ta ba bangon baya.

Bayan an share makoki Rabha ta kulle gidan ta koma wajen mijinta. Likita ya kwance ɗorin, ya sake ɗaukar hoto, ya ce ƙashin ya haɗe sumul. Ya ce a fara da tafiya, sannan sassarfa, kada a yi gaggawa. Na bi maganarsa tiryan-tiryan. Kullum muna fita da igiyar gashin akuya, ina ratsawa ta gaban shagon shayi da gangan don a gan ni. Ana cewa Tuhami ya gaji Risha, ni kuwa ina ɗaga kai kamar ban ji ba.

Ran da likita ya ce ta isa gudu, na kwaɓa lalle da kaina na shafa wa ƙafa ta huɗu. Washegari da sassafe na ɗora ta a mota muka fita bayan gari, inda tuddan rairayi suka fara. Ban ɗauki Saham ba. Na sauke ta, na zare igiya. Ba mu yi nisa ba zomo ya tashi daga gindin wata 'yar ƙaya, ƙato, yana ta zabga tsalle a fili.

Na yi fitona. Ta tsaya tana kallon zomon kamar ba da ita ake ba. Na sake, na tafa hannu, na kira sunanta. Zomo yana ta nisa.

Fiton Lazhar kuwa na san shi kamar sunana, shekara da shekaru ina jin sa ta katanga ina tsaki. Ban taɓa gwadawa ba. Na tsuke leɓe, gajeru biyu, dogo ɗaya mai gangarowa.

Ta zabura. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba, ko a wajen uwarta. Cikinta na shafar ƙasa, rairayi na tashi a bayanta, ba ɗingishi ko na misƙala. Sai dai ba zomon ta bi ba. Zomo ya yi gabas, ita ta yi gari.

Na tsaya da igiya a hannu ina kallo har ta ɓace. Mutum yana cikin kabari, amma bai fasa kayar da ni ba. Na faɗi haka da ƙarfi, na ƙara masa da zagi, sannan na ji fuskata ta jiƙe.

Na bar motar a nan na bi sawunta da ƙafa. Ina tafe ina dubawa, sawu huɗu cif, kowanne ya zauna daidai, yatsar tsakiya ta ƙafar dama ta fito sarai kamar 'yan uwanta. Sawun ya ratsa gonar dabino, ya bi bayan masallaci, ya shiga layinmu. Ya wuce ƙofar gidana, da ke buɗe, bai ko karkata ba.

Tana kwance a dokin ƙofar Lazhar, ƙarƙashin kwaɗon da Rabha ta sa, tana haki, hancinta a tsagar ƙofa. Ta miƙe ƙafafun gaba, ɗaya lallenta ya koɗe, ɗaya ja wur. Na lallaɓa na zauna kusa da ita, gwiwata na ƙara. Haniya ta leƙo ta gan mu, ta koma ta kawo shayi da kwanon madara ta ajiye a tsakaninmu.